Daga Taka Leda Zuwa Riƙe Usur: Yadda Tsohon Ɗan Ƙwallo Zai Fara Horar da Yara a Ƙauye

Duk wanda ya yi shekara bakwai ko goma yana buga wasa a ƙananan rukunan gasar ƙwallon Nijeriya, NLO ko NNL, ya san kwanan mota, ya san jiran alawus, ya kuma san ranar da gwiwa ta ce masa ya isa haka. Yawancin irin waɗannan 'yan wasa ba su taɓa saka rigar Kano Pillars a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba, amma sun ga tirenin na gaske, sun zauna a ƙarƙashin koci uku ko biyar, kuma a garinsu babu wanda ya kai su sanin ƙwallo. Da zarar mutum ya dawo gida, ko a ƙasar Gaya yake ko Ringim ko Birnin Kudu, yaran unguwa za su fara kiransa Koci tun bai sayi usur ba. Da shi muke magana.

Gyaran farko a kanka yake. Iya ƙwallo daban, iya koyar da ita daban, domin ƙafarka ta haddace abin da bakinka bai taɓa furtawa ba. Kafin ka tara yaro ko ɗaya, samu littafi ka rubuta abubuwa biyar: fasin da cikin ƙafa, tarbar ƙwallo, jan ƙwallo, juyawa da ita, da bugu a raga. A ƙarƙashin kowanne rubuta umarni uku gajeru, kada su wuce uku. Ga na fasin: ƙafar da ka dogara a kanta ta tsaya a gefen ƙwallo da tazarar kamar taƙi ɗaya, yatsunta na kallon inda za a aika, idon sawun ƙafar bugu a ɗaure, a bugi tsakiyar ƙwallo. Sannan rubuta abin da ke ɓaci da dalilinsa. Idan ƙwallo ta tashi sama, yaro ya bugi ƙasanta ne ko ya kwanta baya. Idan ta kauce gefe, duba ƙafar dogaro, kusan kullum ita ce ke kallon wani wuri. Idan ba ta da ƙarfi, idon sawu ne ya saki. Wanda ya iya gano laifi haka daga nesa, ya gyara shi da kalma ɗaya, shi ne ya fara zama koci.

Tsofaffin 'yan wasa suna da kuskuren da suka fi faɗawa, wato su kwaso tirenin ɗin manya su jibga wa yara. Zagaye fili sau goma, tsallen kwaɗo, hawa tudu, duk wannan ba na ɗan shekara 10 ba ne. Yaron ƙauye da ke ɗebo ruwa, yake kora awaki, yake tafiya gona da ƙafa, ba juriya ya rasa ba. Taɓa ƙwallo ya rasa. Kowane minti da ya yi yana gudu babu ƙwallo a ƙafarsa, an cuce shi. Haka kuma kada ka shiga wasan ka riƙa yanka su ana tafi. Nuna abu sau biyu, a hankali, da ƙafar dama da ta hagu, ka fita ka tsaya a gefe inda za ka ga kowa.

Izini kafin fili

Fara da mai unguwa ko dagaci, ka tafi da wani dattijo daga gidanku. Bayan gaisuwa, maganar ba ta da tsawo: "Ranka ya daɗe, ina so in riƙa tara yara kwana uku a mako, ba za mu taɓa lokacin makaranta ko na salla ba, kuma duk yaron da mahaifinsa bai yarda ba ba zan karɓe shi ba." Daga nan sai hedimasta, domin filin firamare ya fi kowane fili. Gonar da aka ba ka aro da rani za a karɓe ta da ruwan farko, aikin da ka yi na shara ya tafi a banza. Sai malamin Islamiyya da na allo, kuma a nan ne ƙungiyoyi da yawa ke mutuwa. A garuruwa da dama Islamiyyar yamma daga Asabar zuwa Laraba ce, daidai lokacin da rana ta yi sanyi. Je ka ce, "Allah ya gafarta Malam, wane lokaci ne ba zan shiga haƙƙin karatu ba?" Yawanci za ka samu yammacin Alhamis da na Juma'a, da safiya ɗaya a ƙarshen mako. Kwana ukun nan sun wadatar. Ka yi alƙawari da malamin cewa yaron da ya yi fashin karatu ba zai taka fili ba a makon, ka kuma cika. Idan garinku na cin kasuwa ranar da ka zaɓa, kamar Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis, sauya rana, don rabin yaran suna can suna dako ko jiran kaya.

Iyaye kuwa gida-gida za ka bi. Tambayi mahaifin kowane yaro abu uku ka rubuta: ko yaron na da sikila, ko asma, ko ya taɓa suma ko farfaɗiya. Mai sikila sai an ji ta bakin likita, kuma ko an yarda ya buga, shi ne na farko a shan ruwa da hutu, ba a tilasta masa idan ya ce ya gaji.

Fili da kaya

Babban fili na manya ɓata yara yake yi: mai ƙarfin ƙafa ya doka gaba, sauran su bi ta a guje, wani yaron ya tashi bai taɓa ƙwallo sau biyar ba. Auna gwargwadon shekaru. 'Yan 7 zuwa 8 su buga biyar-biyar a filin mita 37 da 27. 'Yan 9 zuwa 10, bakwai-bakwai a mita 55 da 37, raga mai faɗin mita 3.66 da tsayin 1.83. 'Yan 11 zuwa 12, tara-tara a mita 73 da 46. Sha ɗaya-sha ɗaya da raga mai mita 7.32 da 2.44 sai an kai 13 zuwa sama. Idan babu tef ɗin awo, ari na magini sau ɗaya ka ƙulla igiya a kowace mita 5, ta zama taka. Don kusurwa ta fita daidai, yi amfani da igiya mai mita 12: gefe ɗaya 3, ɗaya 4, wanda ya haɗa su 5, kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 ita ce daidai.

Share filin sau biyu, da manjagara sannan da tsintsiya, yara su jeru kafaɗa da kafaɗa su tsince ƙaya, tsaida, ƙarangiya, kwalba da ƙusa. Tsaida ita ce babbar maƙiyiyar ƙafa da ta ƙwallo, kuma bayan damina sai an sake bi. Cike ramukan gafiya da na kofaton shanu. Yi layi da toka, kada ka haƙa shi da fartanya kamar yadda aka saba, domin wannan ɗan kwarin ne ke jawo targaɗe. Sandunan raga, na turare ko na darbejiya, a binne su zurfin ƙafa biyu, a shafa baƙin mai a gindi saboda gara. A sama ɗaura igiya mai kauri. Yara na son lilo a sandar sama, kuma raga mai nauyi da ba a kafe ta ba ta kashe yara a ƙasashe da dama.

Ƙwallo lamba 3 ce ta 'yan ƙasa da 8, lamba 4 ta 'yan 8 zuwa 12, lamba 5 mai nauyin giram 410 zuwa 450 ta manya. Idan ka ba ƙaramin yaro lamba 5, zai koma bugu da tsinin yatsa saboda ta fi ƙarfinsa, kuma wannan ɗabi'ar tana wuyar cirewa. Abin nema shi ne ƙwallo ɗaya ga yara biyu. Masu araha goma sun fi mai tsada ɗaya amfani. Sayi famfo da allura biyu, ka jiƙa allurar kafin ka soka don kada ta yaga bakin tif. Kada ka cika iska har ta zama dutse, ta ɗan lotsa idan ka danna da manyan yatsu biyu, kada kuma ka bar ta a rana ko a ɗakin kwano mai zafi, ɗinkin zai buɗe. Robobin lemo 20 da aka cika da yashi sun isa alamar fili. Tela zai ɗinka maka riguna marasa hannu kala biyu, goma-goma. Takalmi kuwa, a kan burji ko ƙasa mai tauri kambas ya fi but mai dogayen haƙora, waɗanda ke zame wa yaro su kuma ji masa ciwo a dunduniya. Ana samun na gwanjo a kasuwar Ƙofar Wambai. Doka ɗaya ba ta sauyawa: ko kowa da takalmi, ko kowa babu. Mai but da mai ƙafa zalla ba sa haɗuwa a wasa ɗaya.

Yadda yini ɗaya zai kasance

Yara 20 ne iyakar abin da mutum ɗaya zai iya kula da su. Idan sun fi haka, raba rana ko ka ɗauki mataimaki daga samarin gari. Ga 'yan 9 zuwa 12, minti 75 ya isa.

Minti 10 na farko na ɗumama jiki ne cikin wasa: guje-guje na kama-ni, tsayuwa da ƙafa ɗaya, tsalle da sauka da gwiwa a lanƙwashe. Langa ta dace da wannan wuri ƙwarai, tana ƙarfafa idon sawu da daidaiton jiki, irin abin da tsarin FIFA 11+ na kare yara daga rauni ke nema da motsin da ya tsara, sai dai a hana ture mai ƙarfi. Minti 15 na biye, kowane yaro biyu da ƙwallonsu a cikin murabba'in mita 20, ja da juyawa da fasin, rabin lokacin da ƙafar da ba su iya ba. Sai minti 15 na ɗaya-da-ɗaya da biyu-da-ɗaya zuwa ƙananan raguna masu faɗin taku biyu. Buɗe wurare uku ko huɗu a lokaci guda. Idan ka ga layi ya wuce yara huɗu suna jiran bi da bi, tsarin ya ɓaci, raba shi. Minti 30 na wasa ne, huɗu-huɗu ko biyar-biyar a filaye biyu, ana sauya abokan karawa duk minti 7. Minti 5 na ƙarshe a zauna a inuwa, ka tambaye su abin da suka koya, kada ka gaya musu.

Bayaninka kada ya wuce daƙiƙa 30 a tsayawa ɗaya. A cikin wasa ka daina kiran "buga!", "ba shi!", "fitar!" daga gefe. Yaron da aka saba gaya wa abin yi, kunnensa yake horarwa, idonsa na barci, ranar da ba ka nan sai ya daskare. Tsayar da wasa jefi-jefi ka ce, "Ɗana, wa ka gani a hagunka?" Ka bar shi ya duba ya amsa. Yabo kuma ya zama mai suna: maimakon "da kyau", ka ce "ka ɗaga kai kafin ƙwallo ta iso, haka nake so." Duka da zagi babu su, ko da iyaye sun ce sun ba ka wuƙa da nama. Yaron da ke tsoron bulala ba zai taɓa gwada yanka ba. Hukuncin mai rashin ji shi ne zaman minti 5 a gefe yana kallon 'yan uwansa.

Kafin shekara 12 kada ka kafe yaro a wuri ɗaya. Kowa ya ɗanɗana baya da tsakiya da gaba, har da gola. Ka kuma yi hattara da ƙaton yaron da ya riga tsaransa girma. Yau shi ke cin ƙwallaye saboda jiki, bayan shekara uku sauran za su kamo shi, idan bai koyi komai ba sai ya ɓace. Haɗa shi da waɗanda suka girme shi, ka iyakance masa taɓawa biyu. Siririn nan kuma da ake turewa amma yake ganin fasin, riƙe shi da kyau.

Buga ƙwallo da ka a bar shi sai an girma. Hukumar ƙwallon Amurka ta hana shi ga 'yan shekara 10 zuwa ƙasa tun 2015, ta Ingila ta cire shi daga tirenin ɗin 'yan firamare a 2020, saboda wuyan yaro da ƙwaƙwalwarsa ba su gama ƙwari ba.

Zafi, hunturu, damina

Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano da Jigawa kan haura digiri 40. A wannan lokaci sai da sassafe ko bayan ƙarfe 5, a rage tsawon tirenin, a sha ruwa duk minti 15 ko an ji ƙishi ko ba a ji ba. Jarka mai lita 25 ga yara 20, a ajiye a inuwa. Tsohuwar maganar nan cewa shan ruwa a fili na sa nauyi ba gaskiya ba ce, kuma tana da haɗari. Yaron da ya fara tangaɗi, ko surutu marar kan gado, ko ciwon kai da amai, a kai shi inuwa, a cire masa riga, a kwarara masa ruwa ana fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti nan take. Idan yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwan gishiri da sikari: lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sikari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Da hunturu, ranar da hazo ya yi kauri a sallami masu asma, a tsawaita ɗumama jiki, a sa yara su shafa mai a ƙafa saboda faso. Da damina gona ce gaba, kada ka yi jayayya da uba a kan shuka ko noman farko, koma kwana ɗaya a mako. Idan aka ji tsawa a bar fili, a shiga aji, ba ƙarƙashin bishiya ba, sai an yi minti 30 ba a sake ji ba. Da azumi, masu azumi su yi fasin da jan ƙwallo na minti 30 zuwa 40 dab da shan ruwa, babu gudu.

A jakarka a samu bandeji, filasta, auduga, maganin wanke ciwo, safar hannu da almakashi. Targaɗe yana son hutu, ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na minti 15 zuwa 20, ɗauri marar matsewa, da ɗaga ƙafa. Gashi da ruwan zafi ko murza da man zafi a kwana biyun farko ƙara kumburi yake yi. Idan yaro ya kasa taku huɗu, ko zafin a kan ƙashi yake, a tafi a ɗauki hoto kafin kowa ya ja ƙafar, domin ƙarshen ƙashin yaro inda yake tsiro ya fi jijiya rauni, abin da aka ɗauka targaɗe kan zama karaya. Ɗan shekara 10 zuwa 15 da ke kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, ko ƙarami mai ciwon dunduniya, ba lalaci ba ne, ciwon girma ne, a rage masa tsalle da gudu. Wanda ƙusa ta soka a wanke a kai shi a duba batun allurar tetanus. Wanda ya bugu a ka ya ji jiri ko ya ruɗe ba zai koma wasa a ranar ba, ko wasan ƙarshe ne na kofi. Kuma ka sa ido a kan samarin da ke raɓar fili da tiramadol da sunan maganin gajiya.

Shekaru, ejan da takarda

Wannan shi ne wurin da amanarka za ta fi gwaduwa, domin kai ka san yadda ake yanke shekaru. Kada ka fara. Tun ranar farko nemi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wanda ba shi da ita ka taimaki mahaifinsa ya nema, ka rubuta ranar a rajistarka kada ta ƙara motsi. A gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 ta 2009, wadda Nijeriya ta karɓi baƙunci har aka buga wasu wasanni a Kano, FIFA ta fara amfani da hoton wuyan hannu na na'urar MRI don tantance shekarun 'yan wasa. A 2016 'yan wasa 26 na Golden Eaglets, ƙungiyar 'yan ƙasa da 17 ta Nijeriya, suka faɗi wannan gwaji. Ɗan 17 da ka saka a wasan 'yan 13 zai ciyo maka kofi, amma ya hana yaro na gaskiya wuri, shi kansa kuma bai ƙaru da komai ba.

Duk wanda ya zo ya ce a sayar da gona ko sa a ba shi kuɗin biza zai kai yaro gwaji Turai, a sallame shi. Sashe na 19 na dokar FIFA ya hana sauya sheƙar ɗan ƙasa da 18 zuwa wata ƙasa, sai a 'yan yanayi ƙalilan. Ahmed Musa da kansa, bayan ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan wasa. Ka gaya wa iyaye wannan, ka kuma gaya musu gaskiyar da ka fi kowa sani, cewa kaɗan ne ƙwarai ke cin abinci da ƙwallo, shi ya sa makaranta da sana'a ba sa tsayawa.

Kai ma nemi takarda. Lasisin koci na hukumar ƙwallon Afirka, CAF, daga D yake farawa, sai C, B, A, kuma ta hannun hukumar ƙwallon jiha da ta ƙasa, NFF, ake samun labarin kwas. Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas ma tana horar da masu koyarwa. Yi wa ƙungiyar rajista da hukumar ƙwallon jiha, da sunan kowane yaro daga shekara 12. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayen ɗan wasa tsakanin ƙasashe ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga 12 zuwa 23, amma ƙungiyar da ba ta cikin rajista ba ta da hujjar nema.

Kuɗi kada ya zauna a aljihunka. A naɗa ma'aji daga iyaye ko malaman makaranta, da littafin shiga da fita da ake karantawa duk wata. Idan ɗan siyasa ya ba da jesi a karɓa a yi godiya, amma yara ba sa bin kamfe. Kada ka keɓe da yaro a ɗaki, kada yaro ya kwana a wurinka, tafiya kuma sai da izinin uba da rakiyar babba na biyu.

Wasan farko da maƙwabtan ƙauye ya jira sai bayan wata uku. Ku zauna da kocinsu tun kafin ranar ku duba rajistar juna, ku ɗauko alƙalin wasa daga gari na uku, ku ja igiya taku uku daga layi don 'yan kallo, dattijo ɗaya daga kowane ɓangare ya zauna a gaba. 'Yan 9 zuwa 10 su buga minti 25 sau biyu, 'yan 11 zuwa 12 minti 30, 'yan 13 zuwa 14 minti 35. Kowane yaron da ka ɗauko ya buga aƙalla rabin wasa, ka rubuta sauye-sauyen a takarda tun daga gida don kada zafin wasa ya sa ka manta da na benci. A fara da wuri yadda za a tashi saura minti 40 a kira magariba, a ƙirga ƙwallaye, a ƙirga yara da suna kafin mota ta tashi, ƙananan kuma a raka su har ƙofar gida.